Matsayin Harshe cikin Binciken Siyasa: Misalin Magariya da Dungas

Ɗalibin ilimin siyasa mai shirya babban digiri yana da hanyoyi biyu na tara bayani. Ta farko ita ce ta ƙidaya: a tsara tambayoyi a takarda, a bi mutane da yawa, a lissafa amsoshinsu. Ta biyu, wadda za mu kira binciken ji da gani, ita ce mai bincike ya zauna cikin jama'a, ya yi doguwar hira da su, ya kuma lura da abin da suke aikatawa. A Nijar cibiyar LASDEL, da aka kafa a Yamai a 2001, ta raya wannan hanya ƙwarai. Jean-Pierre Olivier de Sardan da Mahaman Tidjani Alou sun tara binciken da aka yi kan masu iko a karkara cikin littafin da ya fito a 2009. Abin da muke so mu jawo hankali a kai shi ne harshe, domin a wannan hanya maganar mutane ita ce abin da ake nazari.

Bari mu ɗauki gundumomin Magariya da Dungas, waɗanda aka raba a 2011. Ƙasa ce mai cunkoson jama'a, mai tsohuwar sarauta, tun da Waca da Dungas suna cikin ƙasashen Sosebaki da Damagaram ta mallaka a ƙarni na 19. Ɗalibin da ya tsara tambayarsa da faransanci kalma ɗaya gare shi, watau pouvoir. Manomin da zai amsa masa kuwa yana da sarauta, da mulki, da iko, kuma ba ya haɗa su. Sarauta gado ce da rawani, mulki na mai riƙe da gwamnati ne, iko kuma na wanda maganarsa ke ci ne, ko da ba shi da muƙami. In tafinta ya zaɓi ɗaya daga cikin ukun bai faɗa ba, to ya riga ya yanke amsar. Haka kalmar chef take haɗiye sarki da mai gari da mai unguwa da arɗon Fulani. Fada ma biyu ce: ta sarki, da ta samari masu shan shayi, inda ake tafka siyasa fiye da yadda ake zato.

Ga kuma iyaka. Mutumin Dungas mai cin kasuwar Maigatari yana iya cewa ciyaman ko kansila, kalmomin da ya jiyo a Najeriya, alhali yana nufin magajin gari da ƴan majalisar da aka fara zaɓa a 2004, aka rushe majalisunsu a 2024. Wannan aro ba kuskure ba ne da za a gyara masa. Yana nuna da wace ƙasa yake auna tasa.

Saboda haka tsarin aikin yana da muhimmanci. A ɗauki hirar a na'ura da yardar mai magana, a rubuta ta da hausa yadda ta fito, da karin Damagaram ɗinta, da karin magana, da habaici, da wurin da aka yi shiru, sa'an nan a fassara. Wanda ya juya ta faransanci nan take cikin littafin aljihunsa, goro da alheri da cin hanci duk za su zama masa abu ɗaya, ko da yake mai magana ya bambanta su da gangan. Aiki ne mai cin lokaci, hirar awa ɗaya tana iya cinye yini wurin rubutawa, shi ya sa ɗalibai da yawa suke tsallake shi. A ganinmu nan ne binciken yake tsayuwa ko ya faɗi.

Sauran ƙa'idodin sanannu ne. Ba a tsayawa kan baki ɗaya: abin da aka ji a zauren mai gari a neme shi wurin makiyayi, da malamin makarantar allo, da matan gida, waɗanda sau da yawa sai mace ce ke iya kaiwa gare su. In baƙo ya sauka gidan sarki, ya sani cewa za a ɗauke shi mutumin sarki, talaka kuma zai auna kalmominsa. Ana ci gaba da hira har a daina jin sabon abu.

Ga masu tsara yaƙi da jahilci akwai abin yi a nan. Tun taron Bamako na 1966 ake daidaita rubutun hausa da boko, Nijar ta sabunta nata ƙa'idodi a 1999, kuma a 2025 an ayyana hausa harshen ƙasa. Duk da haka ɗalibi yana iya kai ƙarshen jami'a bai taɓa koyon rubuta ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ba. Malaman yaƙi da jahilci na Magariya da Dungas sun iya wannan rubutu, sun kuma san karin wurin. Da horo kaɗan za su iya rubuta hirarrakin, a adana su da hausarsu, yadda wani mai bincike zai iya komawa kansu ya duba fassarar.