Yadda Ake Yi Wa Wandon Jins Faci A Gida

Ya 'yan'uwana ɗalibai, ina roƙo ku ba ni hankalinku kan wata 'yar magana wadda waɗansu za su ga ba ta isa a buga ta a mujallar kwaleji ba, watau facin wando. Ni ma dā haka na ɗauke ta, sai da abin ya zo kaina.

Wanduna biyu gare ni. Ɗaya baƙi ne, shi nake adanawa don shiga aji. Ɗayan kuwa jins ne da na saya a gwanjo, da shi nake hawan keke, da shi kuma nake zuwa gonar doyar babanmu in an ba mu hutu na koma gida Bukan Sidi, cikin Lafiya. A hutun da ya wuce, saura mako uku mu fita gwajin koyarwa, na durƙusa a gona sai na ji ɓarat, gwiwa ta yage. Da na duba hantsar wandon, sai na ga ita ma ta yi shara-shara. Na zauna na yi lissafi. In na sayi wani, kuɗin mota da na kwalin yin kayan koyarwa sun tafi, don tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 ko kayan gwanjo ba su sayuwa da sauƙi. In kuwa na shiga gona da baƙin, to, da me zan tsaya gaban yara?

Goggona ta gan ni na yi tagumi, ta ce, "Kai ɗan nan, ba a koya maka riƙe allura a makarantar mishan ba?" Na ce, "An koya mini, Goggo, amma na manta." Ta ce, "To, kawo wandon, ka zauna nan ka tuna." Abin da ta nuna mini, da abin da na karanta daga baya, shi zan bayyana muku.

Da fari ya kamata mu san irin yadin, gama wanda bai san yadda aka saƙa tufa ba, ba zai iya gyara ta ba. Wandon jins asalinsa na ma'aikata ne a Amurka. Ran 20 ga watan Mayu 1873 wani tela mai suna Jacob Davis da wani ɗan kasuwa, Levi Strauss, suka sami takardar mallakar wata dabara, ita ce kafa 'yan ƙusoshin jan ƙarfe a kusurwar aljihu don kada ya yage. Su ne kuke gani a wandunanku har yau. Launinsa kuwa shuni ne, irin wanda marina ke rini da shi a Ƙofar Mata a Kano, sai dai yawancin jins na yanzu da shunin masana'anta ake rina shi, wanda aka fara sayarwa a Jamus a 1897.

Kamar kowace saƙa, zare iri biyu ne a ciki. Akwai na tsaye, wanda ya bi tsawon ƙafar wando, shi ne ake rinawa. Akwai na kwance, wanda masaƙanmu ke kira abawa, shi kuwa fari ake barinsa. Wajen saƙar, zaren tsaye yakan hau kan abawa uku kafin ya shiga ƙarƙashin ɗaya, shi ya sa fuskar wandon ta zama shuɗiya, cikinsa kuma fari-fari. Shunin ba ya ratsa zaren har ciki, a baya-baya yake tsayawa, don haka duk inda ake yawan guga wuri sai ya koɗe. Da yake zaren tsaye ne a waje, shi ke fara cinyewa ya tsinke, ya bar fararen zaruruwa a gicciye kan ramin. To, aikin mai faci shi ne ya mayar da zaren tsayen da ya ɓace. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin aikin.

Kayan aikin ba su da yawa: allura mai ɗan kauri, da zare mai ƙarfi shuɗi ko toka-toka, da almakashi, da alli, da fil, da dutsen guga, da ƙyallen faci. Ƙyallen nan lalle ya zama na tsohon jins wanda ya sha wanki, ka yanko shi daga bayan ƙafa, inda bai sha wuya ba. Sabon yadi yakan tsuke in an wanke shi, sai ya ja tsohon ya sake yaga shi. In wandonka irin mai roba ne da ke miƙewa, nemi ƙyalle irinsa.

Ga yadda ake yi.

1. Wanke wandon, ya bushe, ka goge wurin ya kwanta.

2. Juya shi ciki waje, ka ɗaga shi wajen rana. Duk inda haske ya ratso, wurin ya mutu ko da bai huje ba tukuna. Zagaye shi duka da alli.

3. Datse zaruruwan da ke reto, amma kada ka yanke fararen nan da suka gitta ramin. Jera su da yatsa su kwanta daidai, gama su ne za su rufe facin ta waje.

4. Yanki ƙyallen ya zarce zanen allin da inci ɗaya ta kowane gefe, ka zagaye kusurwoyinsa don kada su riƙa naɗewa.

5. Shimfiɗa shi ta ciki, shuɗiyar fuskarsa tana kallon ramin, zaren tsayensa kuma ya bi tsawon ƙafa kamar na wandon. Kafa fil. Sa littafi ko ɗan katako cikin ƙafar wandon, don kada ka haɗe gaba da baya.

6. Ɗinke bakin ƙyallen kewaye, allura tana kama bakinsa don kada ya tsefe.

7. Juyo wandon. Yanzu sai ka yi ta jera layukan ɗinki ƙanana daga sama zuwa ƙasa, ka juyo daga ƙasa zuwa sama, kusa da juna kamar kunyoyin gona. Kowane layi ya soma daga lafiyayyen yadi, ya ƙetare ramin, ya ƙare a lafiyayyen yadi. Kada ka ja zaren da ƙarfi har wurin ya tattare.

8. Ƙulle zaren ta ciki, ka sake gogewa.

Mai keken ɗinki haka zai yi, sai dai ya sa allura lamba 16 ko 18, don ƙarama karyewa take yi a kan jins. Wajen hantsa kuwa, inda cinyoyi ke gugar juna, a yi wa kowane gefe nasa facin da ƙyalle mai laushi, kada mai kauri ya riƙa cin fatar mutum in yana tafiya ko tuƙa keke.

Kuskure uku na ga ana yawan yi, biyu daga ciki kuwa ni kaina na yi su. Na fari, a kama bakin ramin biyu a haɗe su da zare kamar bakin buhu. Wannan yakan tsuke gwiwa, da ka durƙusa sai ya yage a gefe. Na biyu, a yanka ƙyalle daidai girman ramin, ɗinki ya zauna kan ruɓaɓɓen yadi wanda ba shi da ƙarfin riƙe shi. Na uku, shi ne mafi muni, jinkiri. Hantsar wandona da ba ta riga ta huje ba, cikin rabin sa'a na gama ta. Gwiwar da na bari ta yage kuwa, yamma biyu ta ci mini. Gaskiyar Hausawa, rigakafi ya fi magani.

Na san abin da ke hana yawancinmu wannan aiki ba wuyarsa ba ce, kunya ce. Muna tsoron a ce ga malami da facin wando. Amma ku duba abin mamaki, a kasuwa ana sayar da sabon jins da aka yayyaga da gangan, samari suna sayensa don ado. Ashe wanda ya sayi yagagge ba ya jin kunya, sai wanda ya gyara nasa? Faci mai tsabta shaida ce cewa mai wandon yana da hannu, yana kuma da tanadi.

Ban da haka, mu malaman gobe ne, da yawanmu kuma ƙauyuka za a tura mu. Can za mu tarar da yaran da ke fashin makaranta don wandonsu ya yage, iyayensu ba su da halin sayen wani. Malamin da ya iya riƙe allura zai iya zaunar da su a darasin aikin hannu, yara maza da mata, ya nuna musu cikin sa'a guda abin da zai amfane su har tsufa. A makarantar da na yi gwaji na gwada haka da 'yan aji biyar, kowa ya zo da tsumma daga gida. Da fari mazan suka ce aikin mata ne, na tambaye su, telolin kasuwar Lafiya mata ne duka? Suka yi dariya, suka ɗauki allura.

Wandon nan yana nan, na yi kakar doya da shi, baƙin kuma ya kai ni ƙarshen gwaji ba tabo. Saboda haka, ɗan'uwa, yau in ka koma ɗaki ɗauko naka ka ɗaga shi wajen haske. In ka ga ya soma shara-shara, kada ka jira ya yage. Allah Ya ba mu ikon tattalin abin da ke hannunmu, amin.