Ganin wata a Gaya: Abin da ƙaramar na'urar hangen nesa za ta iya da abin da ba za ta iya ba

Ranar Talata 9 ga Afrilun 2024, mutanen Gaya suka yi kwalliya suka tafi Idi. A Kamba ta jihar Kebbi, wadda ba ta da nisa da su, ana ta azumi, domin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya sanar cewa sai Laraba. Haka aka yi a 2022: Nijar ta yi Sallah ranar Lahadi 1 ga Mayu, Najeriya sai Litinin.

A garin da ke iyaka da Najeriya da Benin, inda auratayya da fatauci suka haɗa mutane, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mace na yankan kaji a gidan mijinta, iyayenta a ƙetaren iyaka na shirin sahur. 'Yan uwa da ke Kwatano ko Turai kuwa sai bugo waya suke yi suna tambayar wa za su bi.

A duk lokacin da muhawarar ta ɓarke a Facebook, sai an samu mai cewa a sayi na'urar hangen nesa a huta. To amma me ƙaramarta, irin ta masu koyo, za ta iya?

Abin da take nunawa

Mai madubi na milimita 70 za a iya ɗaure ta a bayan babur. Da ita ana ganin ramuka da duwatsun wata, wanda ke nesa da mu da kusan kilomita 384,000. An fi ganin su a daren bakwai ko takwas, lokacin da inuwa ke fito da su; a daren sha huɗu haske ne kawai ke kashe ido.

Tana nuna manyan watanni huɗu na Mushtari, waɗanda Galileo ya hango a 1610, da zoben Zuhal. Zara matar wata kuwa, sai ka ga ita ma tana ƙaruwa tana raguwa kamar mijin nata.

Gaya na da sa'a, domin kusancinta da tsakiyar duniya na sa waɗannan duniyoyi su hau can ƙololuwar sama. Cikas ɗin shi ne hazon hunturu da gajimaren damina, kasancewar yankin na cikin mafi samun ruwan sama a Nijar.

Inda ƙarfinta ya ƙare

Na'ura ba ta nuna abin da babu shi. Lissafin masana taurari ya nuna cewa a ranar 8 ga Afrilun 2024, an haifi sabon wata da ƙarfe 7:21 na yamma agogon Nijar, bayan rana ta faɗi a Gaya. A lokacin ne ma ake kallon kusufin rana a Amurka. Kuma da wuya ido ya kama jinjirin da bai kai awa 15 da haihuwa ba.

Sanar da ganin wata hurumin Majalisar Musulunci ta Nijar ne da hukumomi, ba na mai na'ura ba. Amma matashin da ya shafe watanni yana bin wata ya san inda jinjiri zai fito, da yadda ƙahoninsa ke fuskanta, kuma ba zai ɗauki Zara ko tsinken gajimare a matsayinsa ba. Shaidar irin wannan ta fi nauyi.

Kafin ka saya

Kada rubutun kwali ya ruɗe ka. Faɗin madubi ne ke aiki, kuma mai milimita 70 ba ta wuce ninki 140 sai hoto ya dusashe, ko da an rubuta 500. Ka duba ƙafafunta. Idan suna rawa, wata ba zai tsaya maka ba. A rufe ta daga ƙura, kada a goge madubin da gefen riga.

Mafi muhimmanci, kada a taɓa kallon rana da ita, domin nan take za ta iya makantar da mutum. Mai neman jinjiri ya jira rana ta faɗi gaba ɗaya, kuma kada a bar ta a hannun yara da rana.

Ga ɗan Gaya da ke ƙetare yana tunanin tsarabar da zai aika wa makarantarsu, na'ura ɗaya ta ishi aji guda, dare bayan dare.