Amsoshin Wasiƙunku: Me Ya Sa Kowace Hukuma Da Littafinta?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Roni, kuma irinta ta iso mana daga Gwiwa da kasuwar Babura. Yana cewa masu taki sun rubuta sunansa, masu tallafin kuɗi sun rubuta, na jiha ma sun rubuta, kowa da tambayoyinsa. Shin gwamnati ba ta da littafi guda na mabuƙata ne?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Gaskiyarka, da can kowace hukuma da nata littafin. A 2007 gwamnatin Sule Lamido ta fara ba naƙasassu naira 7,000 a wata a nan Jigawa, da nata jerin. A 2012 ma'aikatar gona ta tarayya ta yi wa manoma rajistar taki ta wayar salula. A 2018 aka zo da bashin TraderMoni na naira 10,000 ga ƙananan 'yan kasuwa, shi ma aka sake rubutu. Sai ka ga mai uwa a gindin murhu sunansa ya fito sau uku, tsohuwar da mijinta ya rasu kuwa ko ɗaya.

Don maganin haka ne a 2016 gwamnatin tarayya ta kafa ofishin NASSCO, da bashin dala miliyan 500 daga Bankin Duniya, domin a haɗa rajista guda ta gidajen talakawa. Manufar ita ce a auna gida sau ɗaya, duk hukumar da za ta raba wani abu ta ɗebi sunaye daga nan.

Yaya ake awon? Manomi ba shi da takardar albashi, balle a duba. Saboda haka ma'aikata kan zo gari su zauna da maza daban, mata daban, matasa daban, kowane rukuni ya faɗi abin da ake kira talauci a garinsu, ya lissafa gidajen da abin ya fi yi wa katutu. Sannan a haɗa jerin, a bi gida gida da 'yar na'ura ana tambaya: ku nawa ne? Rufin ɗaki kwano ne ko ciyawa? Ina kuke ɗebo ruwa? Akwai babur? Kwamfuta ce ke ba kowace amsa maki, ta jera gidajen.

Nan fa ake samun tangarɗa, a ganinmu. Rufin kwano ba ya nuna abin da ke cikin rumbu. Mutum ya yi rufinsa a shekarar da riɗi ya yi kuɗi, bana ambaliya ta cinye gonar, amma na'ura tana nan tana ganinsa mai hali. Wanda kuma ya tafi cin rani ranar da aka zo, an wuce shi. Rajistar da ba a sabunta ta, tsufa take yi.

Daga wannan rajista aka biya naira 5,000 a wata zamanin Buhari, har da kuɗin Abacha da aka dawo da su daga ƙasar Suwizalan. Bayan cire tallafin mai a 2023, gwamnoni suka ce ba su yarda da ita ba. Duk da haka, a watan Oktoba na shekarar, Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da biyan naira 25,000 a wata, har wata uku, ga gidaje miliyan 15. A Janairun 2024 aka dakatar saboda zargin almundahana, da aka dawo kuma aka ce sai an tantance kowa da lambar katin ɗan ƙasa, wato NIN.

Saboda haka Malam, ka tabbata sunanka na NIN da na banki iri ɗaya ne. In nan Muhammadu ne can Mamman, na'ura mutum biyu take gani. Uwargida ma ta yi nata, don sau da yawa ita ake sa wa a matsayin mai karɓa. Ba a biyan ko kwabo don shiga rajista. Wanda ya ce ka kawo na goro ya sa sunanka, ka kai maganar gun dagaci ko sakatariyar ƙaramar hukuma. Kuma shiga rajista ba ya nufin kuɗi na tafe, sai wata hukuma ta zo da shiri ta ɗebi sunaye.