Amsar Tambaya: Yaya Ciyawar Teku Ke Komawa Kan Duwatsu?

Wani manomi daga Dambatta ya rubuto yana tambaya: in bala'i ya share ciyawar da ke kan duwatsun bakin teku, wa ke sake shuka ta?

To malam, babu mai shukawa. Ciyawar teku 'yar'uwar gansakuka ce. Ba ta da saiwa, manne wa dutse take yi. Irinta ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu, suna yawo cikin ruwa. Da igiyar ruwa ta kai su kan dutsen da babu komai, sai su manne su tsiro. Koriya mai laushi ita ke fara zuwa, daga baya mai kauri, ruwan ƙasa-ƙasa, ta rufe ta. Kamar dai saurarka ce: ciyawa tukuna, sannan sabara da kalgo.

Ga misali. A watan Maris na 1967 jirgin dakon mai, Torrey Canyon, ya daki duwatsu a kudu maso yammacin Ingila, ɗanyen mai fiye da tan 100,000 ya malala. Hukuma ta yi ta kwarara sinadarin wanke mai a gaɓar teku. Ashe sinadarin ya fi man dafi. Ya kashe wani ƙaramin dodon koɗi mai ƙoƙo kamar malfa, wanda ke kiwo a kan dutse yana kankare ciyawa tun tana ƙarama.

Da mai kiwo ya ƙare, cikin 'yan watanni duwatsu suka yi kore shar, daga baya mai kaurin ta mamaye ko'ina. A inuwarta 'ya'yan dodon koɗin suka samu mafaka, suka yi yawa fiye da kima, suka cinye ta tas, sannan yunwa ta rage su. Haka aka yi ta yi, yau ciyawa ta rinjaya, gobe mai kiwo. Inda aka zuba sinadari da yawa, sai da aka yi shekara 10 zuwa 15 kafin lamarin ya daidaita. Inda ba a zuba ba kuwa, shekara 2 zuwa 3 suka isa.

Saboda haka, malam, tsirowar ciyawa ba ta da wuya. Abin da ke cin lokaci shi ne daidaituwarta da mai cin ta. Ka tuna da wannan ranar da za ka yi feshi a gona, kada maganin ya kashe har ƙwarin da ke yi maka aiki.

A ci gaba da aiko da wasiƙu. Allah ya ba da damina mai albarka.