Fashin baƙi: Tsutsar da ke cin lemun gidanku, da abin da feshin guba ke kashewa tare da ita

Duk wanda ke da itacen lemun tsami a tsakar gida a Unguwar Rimi ya san abin da damina ke zuwa da shi. A wayi gari a tarar an cinye sabon tofo, a kan sauran ganyen kuma ga wani abu baƙi-baƙi mai ratsin fari, kamar kashin tsuntsu. Ba kashi ba ne, tsutsa ce, kuma kamannin nan dabara ce ta ɓuya daga tsuntsayen da ke farautarta. Mafi yawan masu gida ba sa tsayawa dogon nazari. A aika yaro shago ya sayo maganin ƙwari, a fesa, a huta.

Da an bar ta mako biyar zuwa shida, da ta zama ɗaya daga cikin manyan malam-buɗe-littafin da ake gani a Kaduna: baƙi mai ɗigo-ɗigon rawaya, da wasu da'irori kamar idanu a fukafukansa na baya, faɗinsa ya kai kusan santimita 10. Masana suna kiransa Papilio demodocus, sunan da wani Bajamushe mai suna Esper ya ba shi a shekarar 1798. Yana cikin dangin da Turawa ke kira masu wutsiyar tsattsewa, saboda ɗan tsinin da yawancinsu ke da shi a ƙarshen fiffike. Danginsu sun haura iri 500 a duniya. Abin mamaki, namu na kan lemu ba shi da wutsiyar ko kaɗan.

Babba yana shan ruwan kowace fure da ya samu, amma tsutsarsa ba haka take ba. Tana da abincinta ƙayyadadde, kuma idan babu shi za ta mutu da yunwa ko da a tsakiyar lambu take. Uwar ce ke yin zaɓin. Idan ta sauka a kan ganye sai ta riƙa buga shi da ƙafafunta na gaba, domin a ƙafafun nan take jin ɗanɗano. Idan sinadaran ganyen sun yi daidai, sai ta ajiye ƙwai ɗaya tak a kan tofo mai taushi, ta tashi ta nemi wani reshen. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin ƙasa da mako guda. Tsutsar tana saɓa sau huɗu yayin da take girma, a matakin ƙarshe ta tuɓe kamannin kashin tsuntsu ta koma koriya shar kamar ganyen da take kai. Idan ka taɓa ta a lokacin, za ta fito da wani abu mai reshe biyu, ruwan goro, daga bayan kanta, tare da wari mai hawa kai. Yara kan ce ƙaho ne ko harbi. Ba ya cutar da mutum. Tururuwa da gizo-gizo ake kora da shi. Daga nan ta ɗaure kanta da zare a jikin reshe ta shiga ƙwanso, inda takan yi mako biyu zuwa uku, wani lokaci kuma watanni idan rani ya riske ta.

Yawancin itatuwan da take ci 'yan gida ɗaya ne, dangin da masana tsirrai ke kira Rutaceae: lemun tsami, lemun zaƙi, tanjarin da garehul. Sai dai lemu baƙo ne a Afirka, asalinsa daga kudu maso gabashin Asiya yake. Kafin zuwansa wannan halitta tana nan, tana rayuwa a kan 'yan uwan lemu na daji, irin su Clausena anisata da fasaƙwari, wanda masu maganin gargajiya ke sayar da saiwarsa da ɓawonsa a kasuwanninmu. Wato ba ita ta shigo mana gida ba. Mu muka sare abincinta na asali, muka dasa mata wani a bakin rijiya.

Tana da 'yar uwa da ba a cika lura da ita ba, Graphium angolanus, fara mai baƙin gefe, wadda tsutsarta ke cin ganyen gwandar daji. Ita ba ta da lemun da za ta koma wa. Gwandar daji ba itacen da ake dasawa ba ne, kuma shi ne farkon abin da katafila ke kwashewa idan an yanka fili an ce za a yi rukunin gidaje, ko a Mando ne, ko Rigachikun, ko hayin kogi wajen Millennium City. Haka abin yake ga wani jan malam-buɗe-littafi daga wani dangin daban, Danaus chrysippus, wanda tsutsarsa ke kiwo a kan tumfafiya, tana tara gubar ganyen a jikinta har tsuntsaye su riƙa gudun ta. Wannan ɗaurin gindi tsakanin kowane iri da tsironsa shi ne abin da Paul Ehrlich da Peter Raven suka yi bayani a wata shahararriyar maƙala a 1964: tsiro ya samar da guba don kare kansa, wani ƙwaro ya koyi jure ta, daga nan su biyun su zama ba sa rabuwa.

A nan ne maganar ta bar littafin kimiyya ta shigo harkar mulki. Shirin sabunta birane da gwamnatin Nasir El-Rufai ta ƙaddamar a 2019 ya faɗaɗa titunan Kaduna, kuma tsofaffin itatuwa da dama sun tafi a cikinsa. A lokaci guda, manyan filayen gidajen Turawa na da a Unguwar Rimi ana ta rarraba su, inda gida ɗaya mai lambu ke zama gidaje shida da aka shafe tsakar su da intalok. Idan kuma aka tashi gangamin dashe, abin da ake rabawa sanannu ne: dogon yaro, turare, malaina. Suna saurin girma, suna jure fari, suna kyau a hoto ranar biki. Amma babu ko ɗaya a cikinsu ɗan asalin ƙasar nan, kuma babu wanda waɗannan tsutsotsi ke ci. Dogon yaro ma yana ɗauke da sinadarin azadirachtin, wanda ke hana tsutsa cin abinci. Rahotannin dashe suna ƙidaya yawan itatuwa, ba sa faɗin irinsu. Tambayar ta cancanci a yi wa shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya ba dala miliyan 700 a 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja: cikin abin da ake dasawa, nawa ne na gida? Unguwar da aka yi wa suna da rimi ta fi kowa haƙƙin jin amsa.

Adalci ne a faɗi ɗaya ɓangaren. Ga mai rainon dashe a bakin titi, tsutsar nan asara ce ta gaske. Guda biyu ko uku sun isa su tsige ƙaramin lemu a leda, wanda aka yi watanni ana ba shi ruwa, har ya kasa sayuwa. Amma babban itacen da ya fara 'ya'ya ba ya jin ta, domin ganye take ci, ba ta taɓa lemun, kuma tofo yana dawowa. A gida ko ƙaramin lambu, tsince ta da hannu sau biyu a mako ya wadatar. Wanda ke son ganin ƙarshen labarin sai ya mayar da ita kan babban itace maimakon ya murƙushe ta.

Abin da ya fi tsutsar hatsari shi ne abin da ake fesa mata. Magungunan da aka fi samu a shagunan unguwa, irin su dichlorvos, wanda shi ne a cikin Sniper da kuma haɗin da ake kira ota-fiya-fiya, ba sa bambance ƙwaro. Suna kashe ƙudan zuma, waɗanda su ne kan gaba wajen barbarar furen lemun, suna kashe ƙananan zanzaro da ke yin ƙwai a jikin tsutsar suna rage yawanta kyauta. Idan magauta suka ƙare, tsutsar da ta biyo baya takan samu fili. Wannan sinadarin ne ya sa Tarayyar Turai ta haramta shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper na aikin gona a kasuwanni da manyan kantuna. Shi ne kuma ake fesawa a kan itacen da yara ke wasa a ƙarƙashinsa, wanda uwar gida ke tsinkar ganyensa ta dafa wa mai zazzaɓi.

Torben Larsen, a littafinsa na 2005 kan malam-buɗe-littafin Afirka ta Yamma, ya lissafa iri kusan 1,500, kuma fiye da 1,000 daga ciki ana samun su a Najeriya. Kaduna tana da Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya a Afaka, ga Cibiyar Binciken Aikin Gona a Samaru, Zariya, tafiyar kusan awa ɗaya. Ilimin da za a raini fasaƙwari da gwandar daji a leda, a saka su cikin jerin dashen damina mai zuwa, yana nan cikin jihar. Hukumar KASUPDA, wadda ke ba da izinin gini, ita ma tana da hurumin cewa a bar ɗan fili marar siminti a kowane sabon gida.