Abin da ya kamata ku sani kan jinyar zuciya ta intanet da shawarar marasa lafiya

Wanda ya yi fama da bugun zuciya, ko aka yi masa tiyata, ko aka sa masa ɗan bututu a jijiyar da ta toshe, ba ranar sallama daga asibiti jinyarsa ke ƙarewa ba. A Amurka akwai shirin farfaɗo da zuciya da ke biyo baya: zuwa asibiti har sau 36, galibi cikin mako 12, ana motsa jiki a gaban ma'aikatan jinya, ana koyon cin abinci, shan magani a kan lokaci da barin taba. Shirin yana rage mace-mace da yawan komawa gadon asibiti, kuma inshorar Medicare tana biya.

Duk da haka yawancin mutane ba sa zuwa. Wani bincike kan masu Medicare na shekarar 2016 ya nuna mutum ɗaya cikin huɗu ne kawai daga waɗanda suka cancanta ya halarta, kuma adadin ya fi raguwa a tsakanin mata da baƙaƙen fata. Shirin gwamnati na Million Hearts kuwa kashi 70 cikin 100 yake nema. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Direban tasi a Silver Spring, kusa da Washinton, ba zai ajiye mota sau uku a mako ba. Dattijuwar da ke gabashin kogin Anakostiya a Washinton, inda asibitoci ba su da yawa, sai ta haɗa bas da jirgin ƙasa da ƙirjin da bai gama warkewa ba.

Da korona ta sa aka rufe cibiyoyi a 2020, sai aka karkata ga yin shirin daga gida, da waya da agogon hannu mai auna bugawar zuciya da na'urar awon jini, ma'aikaciyar jinya tana kira ta bidiyo. Tun 2019 ƙungiyoyin likitocin zuciya, ciki har da American College of Cardiology mai hedikwata a Washinton, suka ce hakan zaɓi ne mai kyau ga waɗanda haɗarinsu bai yi tsanani ba.

Sai dai manhaja ba ta warkar da wanda ya daina buɗe ta. Injiniya matashi mai lafiyar ido zai tsara rubutu ƙanana, ya jera allo biyar kafin a kai wurin shigar da awon jini. Mai shekara 70 da ke jin tsoron ko tafiyar minti goma za ta tayar masa da ciwo, abin da yake so ya sani guda ne: idan ƙirjina ya ɗaure, wa zan kira, kuma zai ɗauka? Wannan tambaya ba ta fitowa sai an zaunar da shi tun kafin a fara gini.

Shi ya sa cibiyar PCORI, wadda dokar lafiya ta 2010 ta kafa a Washinton, take son a sa marasa lafiya cikin tsara binciken da take ba wa kuɗi. A Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimo, tafiyar kusan awa ɗaya daga Washinton, likitocin da suka ƙirƙiro manhajar Corrie sun bi wannan hanya, suna zama da marasa lafiya da masu jinyarsu suna jin ta bakinsu. Yadda ake yi shi ne a miƙa wa mutum samfurin farko, a yi shiru a kalli inda yatsansa ya tsaya, a gyara, a sake kawo masa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A nan ne abin ya shafe mu Hausawa. Manhajar da ta san latas da gasasshiyar kaza kaɗai ba za ta gaya wa Bahaushe komai ba game da gishirin kilishi, ko ɗunƙulen magi nawa ke shiga miyar kuka, ko yawan manja. Ba ta san azumin Ramadan yana sauya lokacin shan magani ba, balle yadda wanda aka buɗe wa ƙirji zai yi ruku'u da sujada a makonnin farko. Ba ta san a gidaje da yawa uwargida ce ke girki, ɗa ko jika ke riƙe da waya. A ganina, shirin da bai tambayi waɗannan mutane ba an gina shi ne don wasu, ko da an ce na kowa ne.

Kuma ba kowa ya dace da jinyar gida ba. Likita ne zai tantance. Batun ko inshora za ta biya na intanet ya yi ta sauyawa tun ƙarewar dokar ta-ɓacin korona a Mayun 2023, don haka a tambaya kafin a fara.

Idan kai ko wani naka yana Washinton, Merilan ko Bajiniya kuma ya yi ciwon zuciya, ku nemi likita ya tura shi shirin farfaɗowa kafin a bar asibiti. Idan kuma aka gayyace ku zaman jin ra'ayin marasa lafiya, kada kunya ta hana ku. Ku nemi tafinta in da buƙata, ku je, ku faɗi abin da kuke ci da yadda kuke rayuwa.