Shekarar Vatanen da kwandalar Gawo: yadda aka raba gardamar direbobi biyu a 1989

 Duk wanda ya taɓa ɗora buhun hatsi kan Fijo bashe zuwa Damagaram ya san tambarin zakin nan da ke goshin motar. To zakin nan ya taɓa yin sarauta a tseren Paris-Dakar shekara huɗu a jere, daga 1987 zuwa 1990, kuma babban yanki na tseren a cikin ƙasarmu Nijar aka yi shi. Direban da sunansa ya fi fita a lokacin shi ne Ari Vatanen, mutumin ƙasar Finland. Yau za mu duba tserensa na 1989, domin abin da ya faru a cikinsa ya shafi duk mai ba direba amanar kayansa.

Wane ne Vatanen?

Kafin ya shigo hamada, Vatanen ya ci kambun duniya na tseren motocin daji a 1981. A 1985 ya yi mummunan hatsari a Ajantina, har aka fid da rai da shi. Da ya warke, kamfanin Peugeot ya ba shi mota 205 Turbo 16, ya ci Dakar ta 1987, gaban Patrick Zaniroli mai Range Rover da Kenjiro Shinozuka mai Mitsubishi. A 1988 yana kan gaba da sabuwar mota 405, sai aka sace ta a Bamako. An gano motar, amma ya makara wurin tashi, aka fitar da shi daga tseren. Abokin aikinsa Juha Kankkunen, shi ma ɗan Finland, ya kai wa Peugeot nasara. Saboda haka Vatanen ya shigo 1989 da haushi a zuci.

Abokin hamayyarsa a wannan karo ɗan gida ne. Jacky Ickx ɗan Beljiyam ya ci tseren awa 24 na Le Mans sau shida, ya kuma ci Dakar ta 1983 da Mercedes. Su biyun duk 405 Turbo 16 suke ja, ubangidansu ɗaya, wato Jean Todt, shugaban sashen tsere na Peugeot.

Daga Dirku zuwa Gawo

An tashi daga Paris ran 25 ga Disamba 1988, aka bi ta Tunusiya da Libiya, aka shigo Nijar ta arewa. Motocin sun sauka Dirku, suka ratso Termit da ke gabas da mu a jahar Damagaram, suka nufi Agadas, daga can Tawa, sai Yamai, sannan Gawo ta ƙasar Mali. Tafiyar gaba ɗaya ta haura kilomita 10,000.

Tseren ba kamar sukuwar doki ba ne da wanda ya riga isa ya ci. Kowace rana ana rubuta lokacin da kowace mota ta yi daga zango zuwa zango, a ƙarshe a tara, mai ƙarancin lokaci shi ke da nasara. Cikin kowace mota mutum biyu ne, direba da mai nuna hanya, wanda ke riƙe da littafin hanya da kamfas, tunda a lokacin ba a aiki da GPS. Na Vatanen shi ne Bruno Berglund ɗan Suwidin, na Ickx kuwa Christian Tarin. Da dare, direba na barci, makanikai na kwance motar suna canza duk abin da ya gaji. Manyan motoci ne ke biyo su da taya da kayan gyara. Ƙaramin ɗan tsere mai mota ɗaya shi ne direba, shi ne makaniki, wani lokaci gari ya waye masa yana ƙarƙashin mota. A nan ne aka fara raba mai ƙarfi da mara ƙarfi, tun ba a taka totur ba.

Kafin a bar Nijar, motocin Peugeot biyu sun ba kowa rata mai nisa. Babu sauran wanda zai iya kayar da su sai su kansu. Ickx na gaba, Vatanen na bin sa, kowa na ƙara wuta. A kan hanyar Yamai zuwa Gawo motar Vatanen ta wuntsila, Allah ya sa ta tashi ta ci gaba. Todt ya ga in aka bar su haka, zai iya rasa motoci biyun, ko ma ran mutum.

Kwandalar dala ɗari

A Gawo Todt ya zaro kwandala ta faran 10 na Faransa. A canjin wancan lokaci, kafin faɗuwar darajar sefa ta 1994, faran ɗaya sefa 50 ne, ke nan kwandalar dala ɗari ce cif. Ya cilla ta sama, ta faɗo ta gefen Vatanen. Daga ranar, umarni shi ne Ickx ya daina matsa masa. Shugaban hukumar tseren motoci ta duniya na lokacin, Jean-Marie Balestre, ya yi faɗa sosai, masu kallo da yawa suka ce an kashe daɗin wasa.

Sai kuma ga jarrabawa. Dab da ƙarshe Vatanen ya ɓata hanya, Ickx ya sake komawa gaba a lissafi. Da ya ga dama ya take alkawari, ya ce ƙaddara ce ta ba shi. Bai yi haka ba. Ya sassauta, ya bar abokinsa ya wuce. Ran 13 ga Janairu 1989 Vatanen ya shiga Dakar a na ɗaya, Ickx na biyu, Patrick Tambay mai Mitsubishi Pajero na uku.

Vatanen ya sake ci a 1990, inda Peugeot ta kwashe na ɗaya, na biyu da na uku tare da Björn Waldegård da Alain Ambrosino. A 1991 ya ci da Citroën ZX, nasararsa ta huɗu ke nan. Wani abin mamaki, a 2009 shi da Todt suka yi takarar shugabancin hukumar FIA, kuma Todt, mutumin da kwandalarsa ta ba shi nasara, shi ya kayar da shi.

Waɗanda suka sha ƙura

Kada mu manta da na baya. Mitsubishi ta yi shekaru tana zuwa ta biyu da ta uku, ba ta janye ba. A 1992 Hubert Auriol ya ci mata. A 1997, shekarar da aka tashi daga Dakar aka juyo daga Agadas, Shinozuka ya ci, shekara 10 bayan zuwansa na uku. A 2001 kuwa, iyayenmu mata ku ji da kyau, wata Bajamushiya, Jutta Kleinschmidt, ta doke mazan duka da Pajero. Daga wannan shekara zuwa 2007 babu wanda ya karɓe kambun daga Mitsubishi.

Tseren kuma ya bar hawaye. Wanda ya ƙirƙiro shi, Thierry Sabine, ya mutu a hatsarin helikwafta a Mali ran 14 ga Janairu 1986. A 1988 motar tsere ta kashe wata yarinya ƴar shekara 10 a Kita. A 2000 aka tsaida tseren a Yamai saboda barazanar tsaro, aka kwashe motocin ta jirgin sama zuwa Sabha ta Libiya, Damagaram da Agadas ba su gan shi ba. An soke na 2008, aka koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya tun 2020.

Abin da ya shafe mu

Ranar kasuwa, a kan hanyar Tanut zuwa Damagaram ko hanyoyin rairayi da ke shiga ƙauyukan Damargu, mun sha ganin motoci biyu suna rige-rigen kwasar fasinja, wani lokaci ma mai su ɗaya. A bayansu akwai buhunan gero da wake, awaki, da mata masu goyo. Todt yana da motocin da aka ƙera don gudu, da makanikai, da likitoci a helikwafta, amma duk da haka ya tsaida gasar yaransa, domin ya san motar da ta kwanta a hanya ba ta cin komai. Motar kasuwa ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Alhaji mai mota, kai ne Todt na gidanka. Tun a tasha ka raba wa direbobinka hanya da lokacin tashi, kada ka sa ladansu ya rataya ga wanda ya riga isa. Malam direba, ka duba Ickx: ya bar nasara a hannunsa saboda magana ɗaya da aka yi, kuma har yau ana ambatonsa da mutunci. Ke kuma Inna, kin biya kuɗin mota, jarinki na sama, ranki na ciki. In gudu ya yi yawa ki yi magana, ƴan uwanki fasinja su mara miki baya. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.